Tsuntsun da Baba Ya Ce Ja Ne

Mahaifiyata, Donya Zoila, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana tsintar kastanya, 'ya'yan wata doguwar bishiya masu ƙwallo mai tauri, a daji kafin bayanta ya gaza. Ni kuma shekarata takwas ina kai baƙi kallon tsuntsaye a gandun dajin da ke can saman kogin Tambopata, amma ba ta taɓa yarda cewa aiki nake yi ba. In maƙwabta suka tambaye ta sana'ata sai ta ce, "Nelida? Yawo take kai Turawa, suna ta ɗaga kai sama."

Tun da Baba ya rasu, shekara biyu ke nan, ta dawo wurina a Puerto Maldonado. Tana fama da jiri, don haka duk lokacin da zan shiga daji sai ƙanwata Marleni ta zo ta zauna da ita. To a watan Yulin nan haihuwa ta zo wa Marleni tun kafin lokacin da aka sa mata, ni kuma ga baƙi biyu sun riga sun sauka a filin jirgi. Na buga wa manajan masaukinmu waya. Ya ce, "Kawo ta mana. Ta zauna a kicin wajen Chela mai girki, kwana uku ne kawai."

Baƙin mata da miji ne daga ƙasar Poland, dukansu sun haura saba'in. Mijin, Bogdan, tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma har yanzu komai nasa da agogo yake. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake rubuta sunan duk tsuntsun da ya gani a duniya. Matar, Halina, tun a bakin kogi ta gaya mini a asirce cewa ita ba ta bambance aku da kaza, rakiya kawai take yi.

Tafiyar awa uku ce a kwalekwale mai inji. Ba mu yi nisa ba Mama ta kwance ƙunshin shinkafa da kaza da ta dafa a cikin ganye, ta miƙa wa Halina rabi. Daga nan suka shiga hira, wannan da Sifaniyanci, waccan da yarensu, kowa na gyaɗa kai. Na juyo zan fassara, Mama ta ce, "Kula da aikinki, mun gane juna."

Washegari da asuba na fito ɗauke da babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku, sai na tarar da ita zaune a kan matakala. Ta sa takalman robar Baba, ta ɗaure kai, ga adda a kan cinyarta.

Na ce, "Mama, ina zuwa haka?"

"Inda za ki."

"Ai an ce ki zauna wajen Chela."

"Chela ta iya dafa shinkafarta. Na zo har bakin daji in zauna yankan albasa?"

"To addar fa? Nan gandu ne, ko ganye ba a sara."

"Shi macijin an gaya masa gandu ne?"

Da ƙyar na raba ta da addar, na ba ta sanda. Bogdan ya dubi agogonsa, ya dubi tsohuwar, ya ɗaure fuska.

Muka kama hanya, ina gaba, Bogdan na bina, matan biyu a baya. Mama ba ta iya ɗaga kai sama. Shekara da shekaru tana ɗaukar buhun kastanya a baya da igiya a goshi, har wuyanta ya sandare a sunkuye. Ko da ma can mai tsintar kastanya ƙasa yake kallo, saboda a nan ƙwallon yake, a nan kuma maciji yake. Abin da ke sama kuwa da kunne ake sauraronsa. Tana tafe tana nuna wa Halina abubuwa da bakin sanda: sawun aladen daji, layin tururuwa masu ɗauke da ganye, wata saiwa da ake jiƙawa don ciwon ciki. Muryarta kuma ba ta san raɗa ba.

Bogdan ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe.

"Me yake cewa?" in ji Mama.

"Ya ce ki rage murya, za ki kori tsuntsaye."

"Waɗannan da suke ta ihu tun kafin gari ya waye? Su ne za su ji tsoron muryata?"

Amma ta yi shiru. Can bayan kamar rabin awa sai na ji sandarta ta taɓa bayan ƙafata. Na waiga. Da leɓe ta nuna mini gindin wata bishiya. Na duba ban ga komai ba sai busassun ganye. Sai ɗaya daga cikin ganyen ya ƙifta ido. Fakarar daji ce, irin babbar nan da mukan yi wata guda muna jin kukanta ba mu gan ta ba, ta lafe taku biyar daga inda muka wuce, ni da madubina duka. Bogdan ya durƙusa a hankali. Da tsuntsuwar ta sulale ta shige, ya rubuta a littafinsa, sannan ya cire hularsa ya kama hannun Mama da hannu biyu.

"Yanzu kuma me ya ce?"

"Godiya yake yi."

"Ce masa mun ci irinta ta fi ɗari."

Wannan dai ban fassara ba.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da muka isa inda tsuntsayen da muke kira wishwincho suke taruwa. Duk wanda ya taɓa shiga dajinmu ya san kukan nan: ƙugi biyu ƙasa-ƙasa, sannan wani fito mai tsaga kunne, kamar saurayi na kiran abokinsa daga tsallaken kogi. Bogdan ya riga ya gan shi a wata tafiya, ya yi mini alama mu wuce. Mama kuwa ta tsaya cak.

Ta ce, "Tsuntsun babanki."

Na sani. In suka rabu a dajin kastanya, kowa ya bi layin bishiyoyinsa, da wannan fiton Baba yake nemanta, ita kuma ta amsa da buga ƙotar adda a jikin saiwa.

"Ja ne wur, kamar garwashi," ta ce wa Halina, ko da yake Halina ba ta ji. "Ga jela har haka." Ta nuna daga gwiwar hannu zuwa yatsa. "Ni dai ban taɓa ganinsa ba, can ƙololuwa yake zama. Mijina Hipolito ne ya gan shi sau uku."

Muna yara Baba ya sha ba mu labarin jan tsuntsun nan. A makon farko na koyon aiki na ga gaskiyarsa, na yi dariya ni kaɗai, na ɗauka irin tatsuniyar da ake yi wa yara ce, kuma Mama da ita aka haɗa baki. Ban taɓa zaton ita ma riƙe take da shi ba.

Ta ce, "Ke da kike da wannan bututun, nuna mini shi."

Na kafa ƙafafun madubin, na yi ta juya shi hagu da dama. Ina ganin tsuntsun sarai, yana kan wani siririn reshe, ko kaɗan bai ɓuya ba. Na wuce shi sau biyu da gangan.

"Ganye ya yi yawa, Mama. Mu bari wata rana."

"Shekara takwas kina wannan yawon, tsuntsu na ihu a kanki ki ce ba ki gan shi ba? Ashe da gaskiyata."

Bogdan bai san abin da ake ciki ba. Ya ga ina ta lalube, sai ya matso da kirkinsa, ya ɗan karkata madubin, ya ɗaure shi, ya yi wa Mama alama da hannu kamar mai buɗe wa baƙo ƙofa. Irin madubin nan ta sama ake leƙa shi, mutum ya sunkuya ya ga abin da ke ƙololuwa. Ko don wuyanta aka ƙera shi sai haka. Ta ba Halina sandarta, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta leƙa.

Ta daɗe.

"Ina yake?"

"Shi ne a kan reshen."

"Wannan mai ruwan tokar?"

"Shi ne."

"A'a, matarsa ce dai. Nemo mini mijin."

Kafin in samu abin faɗa, tsuntsun ya kumbura maƙogwaro, ya ja kai baya, ya wage baki, ya saki fiton nan har sai da dajin ya amsa. A idonta aka yi. Ɗan tsuntsu ne da bai kai kurciya ba, toka-toka tun daga kai har jela, babu ko ɗigon ja a gashinsa.

Mama ta ɗago a hankali. Ta nemi wata saiwa ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Na tsuguna a gabanta ina jiran kuka. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ashe dariya ce, irin wadda ba ta fita da sauti. Ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban iya cewa ga inda dariyar ta tsaya ba.

"Hipolito," ta ce, "Allah ya yafe maka. Maƙaryacin banza."

Halina ta zauna kusa da ita ta ba ta hankici. Mama ta share fuska, ta fara magana, idonta a kan takalman da ke ƙafarta.

"Ina da shekara goma sha tara ya kawo ni nan daga kan duwatsu. Garinmu in kin tsaya a ƙofar gida kina hango tafiyar yini guda. Nan kuwa ba sama, ba iska, sai kore da taɓo da sauro. Daminar farko kullum sai na yi kuka. Har na ɗaure kayana. Ran nan muna zaune muna fasa kastanya wannan abin ya yi ihu, na ce mene ne haka kuma. Ya ce ai wannan shi ne sarkin tsuntsayen dajin, ja kamar wuta, wanda duk ya bar nan bai gan shi ba ya yi zuwan banza. Ya ce in bari in gan shi tukuna, sannan shi da kansa zai raka ni mota." Ta ja hanci. "Na ce to. Sai ga cikin yayanki. Sai ga naki. Sai wuya ya ƙi."

"Ba ki taɓa zarginsa ba?"

"Na dai lura duk shekara jelar tana ƙara tsawo."

Halina ta dube ni tana son sani. Na taƙaita mata da Turanci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta nuna mijinta da haɓa ta ce, "Wannan ma ce mini ya yi ya iya rawa." Da na mayar wa Mama, sai suka kama hannun juna suna ta ƙyalƙyala, Bogdan na tsaye da hula a hannu yana tambayar me ya yi.

A hanyar dawowa Mama ba ta nuna wa kowa komai ba. Ta ci abincin rana kaɗan ta shiga ɗaki. Na zauna a bakin kicin raina ba daɗi. Chela ta ce, "Ke ma da kin ce madubin ya lalace." Na ce na gwada.

Da la'asar sai ga ta ta fito, ta wanke fuska, ta nufi teburin da Bogdan yake zaune da babban littafin hotunan tsuntsaye. Ta ja kujera.

"Nelida, zo ki yi mana tafinta. Ina so in san sauran ƙaryar da mutumin nan ya yi mini."

Haka aka yi. Sai ta kwaikwayi kukan tsuntsu da bakinta, ta faɗi yadda Baba ya siffanta shi, ni in faɗi sunansa, Bogdan ya buɗe shafin. Ban san ta iya kukan tsuntsaye haka ba. Ta yi sun fi ashirin, har wani na gaske ya amsa mata daga bayan kicin. Wanda Baba ya ce yana da baki kamar ayaba, haka yake. Wanda ya ce jelarsa kamar cokali biyu, haka yake. In aka dace sai ta ce, "To, nan ya faɗi gaskiya," kamar alƙali. Wani kuma ya ƙara masa girma, wani ya ba shi tukku bai da shi. Bogdan ya manta da agogonsa, shayinsa ya huce.

Can ta ce, "Akwai wani da ban ma sa shi a lissafi ba, don tun ranar na ce masa ƙarya yake yi. Wai ɗan mitsitsi ne, kala bakwai a jikinsa, kai kore, ciki shuɗi, baya kamar an ɗiga masa jini. Na ce Hipolito, tsuntsu ne ko zanen 'yan rawa? Ya yi ta rantsuwa, har ya yi fushi ya ƙi cin tuwon ayabarsa."

Ban gama fassarawa ba Bogdan ya fara buɗe shafuka. Ya juya littafin ya tura gabanta, ya ɗora yatsa.

Mama ta sunkuya. Ta goge hoton da babban yatsa kamar fentin zai fita.

"Wannan zane ne. Kowa ma zai iya zanawa."

"Akwai shi, Mama. Har sunansa ke nan, mai kala bakwai. Ina ganinsa kusan kowane mako."

Sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ranar har da maƙwabta na ba shi kunya."

Safiyar ƙarshe an tsara zan kai Bogdan gaɓar da manyan aku suke sauka cin laka. Saboda wannan gaɓar ya zo, tun a wasiƙarsa ta farko ya faɗa. Da na je tashinsu sai na same shi a shirye, ya ce ya fasa. Na ce ba lallai ya sake samun wannan damar ba. Ya ce aku suna nan a kowace kalanda, shi yau mai kala bakwai yake nema. Na tuna masa ai ya riga ya rubuta shi a littafinsa. Ya ce, "Na sani."

Akwai wata bishiya mai ƙananan 'ya'ya a bakin fili, kusa da inda kwalekwale ke tsayawa, da masu kala bakwai suke son sauka a kai. Nan muka kafa madubi muka zauna. Hazon kogi ya tashi. Birai suka wuce ta sama suna zubo mana ɓawo. Wasu tsuntsaye suka zo suka tafi, ba su ba ne. Ƙarfe takwas ta yi, tara ta yi. Mai kwalekwalenmu, Don Fermin, ya loda jakunkuna, ya leƙo ya ce in ba mu tashi ƙarfe goma ba jirgin saman baƙi zai tafi ya bar su.

Mama ta ce, "Ku bari kawai. Na ga hoton, ya isa."

Bogdan ya girgiza kai tun kafin in fassara.

Goma saura kwata na ji su, wani siririn tsi-tsi daga bayan masauki. Suka zubo kan bishiyar su kusan takwas. Sai dai ba sa zama wuri ɗaya. Kafin in saita madubi a kan ɗaya ya tsallake reshe uku. Mama ta leƙa, ganye kawai ta gani. Ta sake leƙawa, reshe ne yake lilo. Ta yi ƙoƙarin ɗaga kai, na ga zafin ya tsaya mata a fuska.

Halina ce ta cire rigar ruwanta ta shimfiɗa a ƙasa, ƙarƙashin bishiyar. Ta kwanta rigingine a gefe ɗaya, da farin gashinta da komai, ta bubbuga ɗaya gefen. Mama ta dube ta, ta dube ni.

"A gaban mutane?"

"Kwanta, Mama, za su tafi."

Ni da Bogdan muka riƙe ta har ta kai ƙasa. Na ɗora mata ƙaramin madubina a ido, na riƙe mata shi. Rana ta riga ta hau kan bishiyar. Ɗaya ya sauko reshen ƙasa, ya tsinki ɗan itace, ya juya gaba, ya juya baya, kamar an ce masa ana kallo.

Na ji numfashinta ya tsaya. Sai leɓunanta suka fara motsi.

"Kore. Baƙi. Shuɗi. Ga wani shuɗin a wuya, mai duhu." Tsuntsun ya buɗe fiffike. "Ja. Wayyo, ga jan."

Ta sake bi daga farko, tana lanƙwasa yatsu a kan ƙirjinta.

"Biyar ne," ta ce. "Ya ƙara biyu." Hawaye ya gangara ta gefen idonta ya shiga kunne. "Amma dai ya gan shi. Ya gan shi, Nelida."

Fermin ya tayar da inji, ya ƙwalla kira daga bakin ruwa. Bogdan ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Na ce, "Mama, tururuwa fa sun fara hawa rigarki."

"Bar su," in ji ta, ba ta ɗauke ido ba. "Matsa mini abin nan hagu kaɗan, ga wani can ya sauko."